Huda Uku a Bel ɗin Mista Odel

Kafin Greensboro ta gan ni na sha yawo. Na yi kwandasta tsakanin Kano da Legas shekara shida, na sayar da agogo a Kwatano, na wanke kwanuka a Jidda, na yi dakon siminti a Sabha ta Libiya har kafaɗata ɗaya ta fi ɗaya sauka. A New York wata bakwai kawai na iya. In ana ruwa in yi tallan laima, in rana ta fito in koma tabarau, in ƙanƙara ta sauko in zauna a ɗaki ina tambayar kaina wa ya aike ni. Wani ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya ya ce in gangara kudu, akwai garin da mutanensu suka cika, ga aiki, ga sanyi mai mutunci. Ya rubuta min lambar kawunsa a bayan kwalin shayi.

Da hantsi na sauka a tashar bas ta cikin gari, shekarar dubu biyu da uku. Kawun nan, Alhaji Mamman, tasi yake ja, bai samu zuwa ba sai bayan azahar. Yana isowa ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa, ya yi magana da Hausarsu ta Maraɗi mai gauraye da Faransanci.

"Bon, kai ne Haladu? An ce mini dogo ne."

Na ce, "Da dogo ne, Alhaji. Libiya ce ta rage ni."

Dariyar da ya yi ita ta sama min katifa a wani gida a High Point Road, mu biyar a ɗaki biyu. Na fara da wankin mota. Na tara 'yan kuɗi na sayi tawa motar wajen wani ɗan garinmu, wanda ya rantse min cewa wata tsohuwa ce ke hawanta zuwa coci kawai. Wataƙila gaskiya ya faɗa, don motar ba ta yarda ta tashi sai ranar Lahadi.

A shagon kayan abincin Afirka na haɗu da Anti Fati, 'yar zangon Kumasi, nas ce a wani gidan kula da tsofaffi can wajen Sedgefield. Ta ji ina yi wa mai shago surutu a kan tsadar daddawa, ta ce da salon maganarsu ta Kumasi, "Cale, ɗan uwa, wannan bakin naka ba ya gajiya? Zo wajenmu, tsofaffi suna neman mai yi musu hira." Na yi kwas na 'yan makonni, na ci jarrabawa, aka ba ni satifiket na mataimakin nas.

Aikin ba shi da wuyar ganewa, wuyar yi gare shi. Tsoho goma sha biyu a hannun mutum ɗaya. Ka tashe su, ka yi musu wanka, ka sa musu kaya, ka ba su abinci. Sannan akwai takarda. Kowane tsoho da tasa, a kai za ka rubuta yawan abin da ya ci, ko ya ɓata jikinsa, ko ya yi barci da rana, ko ya yi faɗa. Magani ba namu ba ne, nas ke bayarwa. Likita kuwa lokaci-lokaci yake leƙowa, kuma takardar nan ita ce idonsa.

Cikin sha biyun nan akwai Mista Odel. Baƙar fata ne, ya haura tamanin, direban bas ɗin gari ne da ya yi ritaya tun ina yaro. Mantuwa ta cinye masa abubuwa da yawa, har matarsa da ta rasu yakan tambaya ko ta dawo daga kasuwa. Amma gayu bai manta ba. Sai an sa masa riga mai kwala, da hula, da wani bel ruwan ƙasa mai kan tagulla da matar ta saya masa. Sunana bai taɓa zama a kansa ba. Afirka yake ce min.

"Afirka, wa ya koya maka aski? Makiyayin awaki?"

"Gemunka ne ya yi kama da na kwastomominsa, direba."

Sai ya ɗaga sanda kamar zai buge ni, yana dariya. Wasan kaka da jika muke yi, shi bai san sunan wasan ba, amma ya iya.

Matsalarsa ɗaya ce, ƙarfe huɗu na yamma. Da ta yi sai ya miƙe ya nufi ƙofar fita, wai lokacin fitar da bas ya yi, fasinjoji na jira. In aka tare shi sai ihu da zagi. To ni da na yi kwandasta, wannan ai gida ne. Sai in jera kujeru biyu a ƙarshen baranda, in zaunar da shi a gaba, in tsaya a bayansa ina buga bango ina kiran, "Elm Street! Akwai sauka!" Ya yi ta juya hannu yana yi min faɗa wai ina ɗaukar fasinja fiye da ƙima. Minti ashirin an gama, mu tafi cin abinci.

Ranar Babbar Sallah na ɗauki hutu. Muka yi idi a wani zaure da aka yi haya, muka ci naman da Alhaji Mamman ya yanko a wata gona, na kira gida na ji hayaniyar yara a tsakar gidanmu, na kashe waya. Washegari da na koma aiki na tarar da labari. Wata sabuwar ma'aikaciya ta tare Mista Odel a bakin ƙofa ƙarfe huɗu, ta riƙe masa hannu, shi kuma ya sauke mata sanda a gwiwar hannu. An kira likita a waya. Ya rubuta masa wata 'yar ƙwaya safe da yamma, irin wadda ake ba masu taɓin hankali, da wata ta barci da za a ƙara duk lokacin da ya tayar da rigima. Sandar kuma aka kulle ta a ofis.

Ba zan yi ƙarya ba, makon farko har hamdala na yi. Ƙarfe huɗu ta zo ta wuce ba ihu. Na samu lokacin sauran sha ɗayan. A wajenmu mara lafiya in ya samu barci ai sauƙi ne ya zo.

Wajen kwana goma sai na fara ganin abubuwa. Wuyansa ya langaɓe. Yawu na zuba a kan kwalar rigar. Hannu na rawa. In na sa masa loma sai ta zauna a kumatu har in tuna masa ya haɗiye. Ya daina tafiya, sai keken guragu. Ran nan da safe na yaye bargo na tarar ya jiƙa wando, mutumin da tun zuwana bai taɓa yi ba. Ya buɗe ido ya kalle ni, ya kalli wandon, ya mayar da idon ya rufe.

A nan na yi abin da aka tarbiyyantar da ni a kai. A gidanmu in dattijo ya yi irin wannan, wanda ya gani shi ke wankewa, ya shanya a bayan ɗaki, kuma har ya mutu ba zai faɗa wa kowa ba. Kakana ya yi shekara biyu a kwance, babana ne ke shiga ɗakin shi kaɗai da buta, ya fito ya ce wa masu gaisuwa, "Da sauƙi." Ban taɓa jin wani ya kira wannan ƙarya ba. Sutura ake ce masa, rufin asirin babba.

Na ja labule, na wanke shi, na canza zanen gado, na kai ɗakin wanki da kaina. Da na zo kan takarda, wajen da aka tambaya ko ya ɓata jikinsa, hannuna ya ƙi. Yaya zan rubuta wa duniya cewa direba ya yi fitsari a wando, kowace yarinya mai shif ta zo ta karanta? Na rubuta babu. Wajen abinci ya ci loma huɗu, na rubuta ya ci rabi. Wajen hali na rubuta yana cikin natsuwa, wannan kam gaskiya ce, ko dutse ma yana cikin natsuwa.

Haka na yi ta yi. Ni ke shif ɗin safe, sau da yawa in haɗa da na yamma, don haka kusan duk abin da ke takardar hannuna ne. Sauran ma'aikata kuma ba mugunta gare su ba, gajiya ce. Mai tsoho sha biyu in ta ga ɗaya ya yi shiru ba ta zuwa tambayar dalili, abin da na rubuta jiya shi take kwafa yau. Ranar awo na wata-wata ban yarda na tuɓe dattijo a baranda ba, na ɗora shi a sikeli da kwat ɗinsa mai nauyi da takalma da bargo a cinya. Sikeli ya nuna ya ɗan ragu kaɗan, ba abin tayar da hankali ba.

Bel ɗin ne ya ƙi ba ni haɗin kai. Wando ya fara zamewa ko an ɗaure a hudar ƙarshe. Na ɗauko ƙusa a akwatin kayan aikin Alhaji Mamman na yi sabuwar huda. Bayan mako biyu na ƙara wata. Kafin wata na biyu ya ƙare na yi ta uku.

'Yarsa ɗaya ce, Madam Loreta. Da farko ina ganin masu kawo iyayensu irin gidan nan marasa imani ne, sai da na san ta na rage baki. Aiki biyu take yi, ga jikoki a hannunta, ga mijinta ba lafiya. Duk Lahadi daga coci nan take yowa da hularta mai faɗi. Ni kuwa tun safe na shirya mata uba. Aski, turare, hula, matashi a bayan wuya don kan ya tsaya, hankici a hannuna ina goge yawu kafin ta gani.

"Yaya Dadi wannan satin?"

"Da sauƙi, Madam. Hutawa yake yi."

Ta riƙe hannuna ta ce ita dai Allah ne ya kawo mata ni. Anti Fati ma ta duba takarda ta ce, "Haladu, maganin nan ya karɓi mutuminka sosai paa." Likita ya zo ya karanta, ya ga tsoho na ci, ba ya faɗa, ba ya ɓata jiki, ya sa hannu a ci gaba.

A lokacin nan nawa uban yana kwance a Funtuwa. Duk Lahadi kafin in fita aiki nakan kankare katin waya in kira ƙanwata Hajara.

"Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi, Yaya. Yana gaishe ka."

"Ba ni shi."

"Ya samu barci."

Wata Alhamis ina cikin sa takalmi wana ya kira. Har sun dawo daga maƙabarta. Mutanen High Point Road suka cika ɗakinmu, aka yi addu'a, matar Alhaji Mamman ta yi kwana uku tana aiko da tuwo. Da na kira wani ɗan kawuna in yi masa godiyar ɗawainiya, shi ne ya ce min, "Ai Baba ya huta, Haladu. Wata uku rabonsa da abincin kirki, ɗaukarsa ake yi kamar yaro." Na kira Hajara na ce me ya sa. Ta ce, "Yaya, kana nesa, me za ka yi? Kuma Baba ne fa. Ta yaya zan faɗi irin wannan a waya?"

Ban yi mata faɗa ba. Amma da na sani da ko muryata na sa an kara masa a kunne. Da na ce a kai shi asibitin Zariya. Ko ba abin da zai canza, ubana ne, ni ya kamata in sani.

Lahadin da ta biyo na koma aiki. Na shirya Mista Odel kamar kullum, na ɗaure bel a huda ta uku. Madam Loreta ta shigo, ta yi min ta'aziyya don Anti Fati ta gaya mata, sannan ta ce, "Yaya Dadi?"

"Da sauƙi, Madam."

Bakina ne ya faɗa, amma muryar Hajara na ji. Na tsaya da hankici a hannu har ta gama zamanta ta tafi.

Na samu Anti Fati a ɗakin magani na rufe ƙofa na faɗa mata komai. Ta ajiye abin da ke hannunta ta zauna.

"Cale. Ka san sunan abin nan a ƙasar nan? Ƙarya a takardar majiyyaci. Satifiket ɗinka za su iya karɓewa, ba wannan gida kaɗai ba, ko'ina."

"Na sani, Anti."

"Ba ka sani ba, da ka sani da ba ka yi ba. Ni ma da laifina, ina ba shi ƙwaya ina kallon takarda maimakon in kalli mutum." Ta matso kusa da ni. "Ji nan. Daga yau ka fara rubuta gaskiya. Ba wanda zai waiwayi na baya."

Na so in karɓa, wallahi na so. Ina da mata da 'ya'ya huɗu a gida da aikin nan ke ciyarwa, ga yanzu har da gidan Baba. Na ce, "In na fara yau, likita zai ce me?"

Ta ɗan yi tunani. "Zai ce tsufa ne. Cutar mantuwar ce ta yi gaba. Wata biyu yana shan magani lafiya, don haka ba maganin ba ne."

"To kin gani. Dole ya san cewa kwana goma da fara ƙwayar abin ya soma."

Ta kalle ni ta ce, "Ranar Talata likita zai zo. Ka sa riga mai kyau, in za a kore ka a kore ka da mutunci."

Ranar Talata muka zauna a ofis, shugabar nas-nas, da likita, da Anti Fati, da Madam Loreta da aka kira daga wajen aiki. Turancina na kasuwa ne, na san in na fara dogon bayani zan ɓace. Sai na ciro bel ɗin daga leda na shimfiɗa a tebur. Hudar kamfani guda biyar masu kyau a jere, sannan nawa uku, karkatattu, kowace da girmanta.

Na ce wannan ta mako na uku ce, wannan ta na biyar, wannan ta na takwas. Na faɗi yawun, na faɗi lomar da ke kwana a kumatu, na faɗi kwat ɗin da ke kan sikeli. Na faɗi wandon. A gaban 'yarsa na faɗa, idona a kan tebur. Na yi dako a rana a Sabha, bai kai wannan nauyi ba.

Shugabar ta ce ita abin da ba ta gane ba shi ne ribar da na ci. Masu ƙarya a takarda don su rage wa kansu aiki suke yi, ni kuma na ƙara wa kaina, har da wanki. Na ce a garinmu ba a tona asirin babba. Ta ce, "Asiri? Wannan ba asiri ba ne, alamar ciwo ce."

Madam Loreta ta miƙo hannu. Ta ja bel ɗin gabanta tana sa ɗan yatsa a hudojin ɗaya bayan ɗaya.

"Duk Lahadi ina tambayar ka."

"Ban so ki ga babanki a haka ba, Madam."

"Babana ne," ta ce. "Ba naka ba."

Ni ma abin da na ce ke nan a raina ranar da na kira Hajara.

Likita ya tashi ya je ya duba shi da kansa, ya daɗe. Da ya dawo ya ce ƙwayar barcin a daina yau, ɗayar kuma ba a yanke ta lokaci ɗaya, a hankali za a riƙa ragewa. Ya ce bai yi alkawarin komai ba, mutumin ya tsufa kuma ya rame. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi da dakatarwar mako guda ba albashi. Shugabar ta ce don ni na kawo kaina ne, in ba haka ba da wani zancen ake yi. Na yi makon ina taya Alhaji Mamman wanke tasi, yana ce min, "Wala, shi ke nan, ka koma sana'arka ta gado."

Sauƙin gaske ba ya zuwa da sauri. Mako biyu ba wani canji, ina rubuta loma huɗu in ya ci huɗu, ina rubuta wando in ya jiƙa, hannuna na yi kamar ba nawa ba. A mako na uku wuya ya fara tsayawa. A na huɗu ya ture cokali ya ce abincin ba gishiri. A na biyar ya zagi mai shara. Wata abokiyar aikina ta tare ni a baranda ta ce, "Ka ji abin da ka jawo mana ko? Da muna zaune lafiya." Ban ga laifinta ba, ita ma sha biyu gare ta. Madam Loreta kuwa ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata, sai dai ta ɗauki takarda ta karanta da kanta, ta ɗaga rigar uban ta duba. Daga baya ta koma amsawa, amma ba ta sake cewa Allah ne ya kawo ni ba.

Tafiya dai ba ta dawo ba. Wata biyun nan sun tafi da ƙafafunsa, har ya bar duniya bayan shekara ɗaya da rabi a keke yake. Wannan ina cikin masu alhakinsa, kuma na sani.

Wata Laraba da yamma ina canza masa riga, na zo ɗaure bel, sai na ga huda ta uku ta matse shi, na koma ta biyu. Ya sunkuyar da kai yana kallon hannuna. Ya kama bakin bel ɗin ya ɗaga shi kusa da ido.

"Afirka."

Rabon da in ji sunan nan wata uku.

"Na'am, direba."

"Wane jakin ne ya huda min bel?"

"Ni ne."

"Da me?"

"Da ƙusa."

Ya girgiza kai. "Matata za ta kashe ka. Ni ba ruwana." Ya waiga yana neman agogon bango. "Ƙarfe nawa?"

"Huɗu saura biyar."

"To tsayuwar me kake yi? Mutane na jira."

Na gyara masa hula, na tura keken zuwa ƙarshen baranda, na tsaya a bayansa na buga bango sau biyu.